Yadda Ake Zama a Ƙaramin Garin Masana'anta Ana Aiki Daga Nesa: Misalin Obajana

Obajana ƙaramin gari ne na ƙabilar Oworo a ƙaramar hukumar Lokoja ta jihar Kogi, kuma masana'antar siminti ta Dangote da aka buɗe a 2008 ce ta fitar da sunansa. A yau masana'antar tana iya samar da sama da tan miliyan 16 a shekara, abin da ya jawo injiniyoyi daga Indiya da Sin, da direbobin tirela da 'yan kasuwa daga Arewa. Akwai kuma wanda aure ko hidimar iyali ta kai shi can, alhali aikinsa yana cikin kwamfuta, masu biyansa suna Legas ko Landan. Irin wannan baƙo ya kamata ya sani tun farko cewa harkokin garin, daga kuɗin haya zuwa lokacin cunkoso, duk kamfani suke bi, shi kuwa ba ya cikin lissafin kamfani, don haka wuta da intanet da jama'a, duk shi zai nema wa kansa.

Mataki na farko shi ne ka je ka kwana a masauki na 'yan kwanaki kafin ka ba dillali ko sisin kwabo. Ka zagaya unguwannin da rana, sannan ka sake zagaya su da dare, domin gidan da ya yi tsit da hantsi yana iya zama dab da inda tireloli ke kwana, kuma ƙarar injinansu da asuba ba ta barin mai taro ta bidiyo ya ji abin da ake faɗa masa.

Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne zaɓen gida ta la'akari da ƙura. Iskar hunturu tana kaɗowa daga arewa maso gabas tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ta damina kuma daga kudu maso yamma, saboda haka gidan da ke kudu maso yammacin masana'anta ko babban titi shi ne ke shan ƙura a lokacin da babu ruwan sama da zai kwantar da ita. Mafi yawan ƙurar da za ta dame ka daga tayoyin manyan motoci take tashi, shi ya sa nisantar titi da 'yan layuka ya fi kyan fentin ɗaki amfani. Ka shafa yatsa a bakin taga, ka dubi ganyen bishiyoyin tsakar gida, za su gaya maka abin da dillali ba zai faɗa ba. Ka tambayi maƙwabta ko akwai rijiyar burtsatse ko da 'yan ga-ruwa ake dogaro, ka nemi mita mai kati ta ɗakinka kai kaɗai, sannan a rubuta yarjejeniyar haya a gaban shaidu. Idan akwai mai asma ko jariri a iyalinka, kada arha ta ruɗe ka.

Na uku, ka gwada sabis a cikin ɗakin da za ka zauna ka yi aiki, ba a ƙofar gida ba. Ka riƙe layuka biyu na kamfanoni daban-daban, kamar MTN da Airtel, ka yi kiran bidiyo da kowanne da rana da kuma bayan magariba, lokacin da ma'aikata suka tashi kowa ya hau waya. Starlink, mai samar da intanet ta tauraron ɗan'adam, ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, kuma ta sauƙaƙa wa mazauna ƙananan garuruwa, sai dai na'urarta tana da tsada kuma tana iya cin wuta fiye da ita kwamfutar.

Na huɗu shi ne wuta. Kogi tana cikin yankin kamfanin rarraba lantarki na Abuja, amma mai aikin da ke da wa'adi bai kamata ya jingina da wutar gwamnati kaɗai ba. Kwamfutar tafi-da-gidanka takan ci wat 45 zuwa 65, don haka ƙaramar sola da batir da inbata za su riƙe ta tare da fanka da fitila, janareta kuma ya zama na ko-ta-kwana. Fankar ba ado ba ce, domin yankin Lokoja ya yi suna wajen zafi. Ka riƙa wanke farantan sola da sassafe, saboda ƙurar da ta haɗu da raɓa takan daskare ta rage ƙarfin caji, ka kuma rufe kwamfutar da ƙyalle idan ka tashi.

Na biyar, ka daidaita lokacinka da na masu ba ka aiki. Agogon Landan daidai yake da namu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, a sauran watanni muna gabansu da awa 1, birnin New York kuwa muna gabansa da awa 5 ko 6.

Na shida, ka gabatar da kanka ga mutanen gari. Mutumin da yake wuni a ɗaki, ba a ganin ya fita aiki amma ana ganin yana kashe kuɗi, yakan jawo zargi a ƙaramin gari, musamman a zamanin da damfarar intanet ta ɓata wa masu sana'ar kwamfuta suna. Ka je ka gaishe da shugaban unguwa da shugaban Hausawan garin, ka bayyana musu aikinka da kalmomin da za su fahimta, ka lazimci masallacin da ke kusa da kai. Kada kuma ka tsaya a cikin 'yan'uwanka na Arewa kawai. Oworo masu gari ne, harshensu dangin Yarbanci ne, kuma gaisuwa biyu ko uku da ka koya da bakinsu za ta buɗe maka ƙofofi, domin baƙon da ya girmama mai gida ba ya rasa mai tsaya masa ranar da wata matsala ta taso.

Na bakwai ya shafi takardu da shirin gaggawa. Harajin kuɗin shiga ana biyansa ne ga jihar da mutum yake zaune, don haka ka yi rajista da hukumar haraji ta Kogi, wanda ya zo daga ƙasar waje kuma ya tabbatar takardar izinin zamansa daga hukumar shige da fice ba ta ƙare ba. Babban asibitin tarayya yana Lokoja, saboda haka ka ajiye lambar direban da ka amince da shi, kuma ka guji tafiyar dare. A 2012 da 2022 ambaliya ta datse hanyar Abuja zuwa Lokoja, a 2022 ma har man fetur ya yi wuya a Abuja, don haka kafin Satumba ka tanadi magunguna da mai da ɗan tsabar kuɗi, kuma idan kana da jirgin da za ka hau a Abuja cikin watannin ambaliya, ka tashi kwana guda kafin ranar.