Yadda wanda ya yi wasan fim yana yaro zai riƙe sana'ar bayan ya girma

A Yamai akwai matasa waɗanda suka taɓa fitowa a talabijin suna ƙanana: wani a wasan kwaikwayo na Télé Sahel, wani a tallar madara, wata kuma a gajeren fim na faɗakarwa kan rigakafi ko karatun ƴaƴa mata. Yanzu sun kai shekara 16 zuwa 20, mutanen unguwa suna ci gaba da kiransu da sunan da suka ci a wasa, amma masu shirya fim sun daina nemansu. Idan kana cikinsu, kuma kana son wasa ya zama abin da za ka ci abinci da shi, sai ka fara da fahimtar abin da ya sa aka daina kiranka.

Mafi yawan lokaci ƙuruciyarka aka saya. Yaro mai baki, wanda ba ya jin kunyar kyamara kuma yana iya haddace layi biyar, ya ishi darakta, domin masu kallo suna yafe wa yaro kusan komai. Da zarar murya ta yi kauri, tsayi ya zo, wannan rangwame ya ƙare, sai a auna ka da manyan da suka daɗe suna goge sana'arsu. Akwai kuma shekarun da mutum ya wuce a ba shi matsayin ɗan gida amma bai isa a ba shi na ango ko maigida ba, kuma marubutanmu ba su cika rubuta labarin ƴan wannan tsakani ba. Saboda haka ka ɗauki kanka sabon shiga wanda ya yi sa'ar sanin yadda ake tsayuwa gaban kyamara, ka koma koyo.

Wurin koyon da ya fi shi ne dandali. Ka nemi ƙungiyar wasan kwaikwayo da ke atisaye a kai a kai, ko a gidan matasa na unguwarku ko a cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda, ka karɓi ƙaramin matsayi ba tare da tuna wa kowa cewa an taɓa ganinka a talabijin ba. A dandali babu wanda zai ce a yanke a sake ɗauka, don haka a nan ake koyon numfashi, da ɗaga murya ba tare da ihu ba, da sauraren abokin wasa maimakon jiran ya gama ka faɗi naka. Wasan rediyo ma makaranta ne babba, kuma ƙasar da ta fitar da irin su Yazi Dogo ba ta rasa waɗanda za a zauna a gabansu ba. Ka kuma kula da harshe: a Yamai wanda yake wasa da Hausa da Zabarmanci da Faransanci ya fi mai harshe ɗaya samun kira.

Kada ka ajiye karatu saboda wasa. Wannan magana ce da kowane babba yake faɗa, amma a wannan sana'a tana da dalili na musamman, wato aikin fim a Nijar yana zuwa ne jefi-jefi, kuma ana iya yin watanni ba a ɗauki komai ba. Takardar BEPC da ta BAC su ne za su buɗe maka ƙofar makaranta irin ESSCOM (tsohuwar IFTIC), inda ake koyar da aikin jarida da fasahar hoto da sauti. A ganina wannan ita ce shawarar da ta fi kowace nauyi: ka koyi aiki ɗaya na bayan kyamara, ko ɗaukar hoto, ko haɗa shi, ko ɗaukar sauti, ko rubutun labari. Mai wannan aiki yana samun na cefane a bukukuwan aure da tarukan ƙungiyoyi da gidajen talabijin masu zaman kansu, kuma yana nan a wurin ɗauka ranar da za a rasa wanda zai hau wani matsayi. Ke Huy Quan, wanda ya yi suna a Amurka yana yaro a 1984, ya rasa matsayi bayan ya girma, sai ya karanci fim ya koma tsara faɗa da taimaka wa daraktoci na shekaru masu yawa, kafin ya dawo gaban kyamara ya ci kyautar Oscar a 2023. Shirley Temple kuwa, wadda ita ma ta yi suna a fim a Amurka tun tana yarinya, ta bar fim tana da shekara 22, daga baya ta zama jakadiyar Amurka a Gana a 1974.

Sai batun kuɗi da takarda, inda ya kamata iyaye su kasa kunne. Jackie Coogan, yaron da ya fito tare da Charlie Chaplin a 1921, ya tara dukiya mai yawa, amma da ya girma sai ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun kashe kusan duka. Ya kai su ƙara a 1938, kuma a 1939 jihar Kalifoniya ta kafa dokar da ake kira da sunansa, wadda a yau take tilasta a ajiye wa yaro kashi 15 cikin 100 na abin da ya samu. A nan gida abin da aka saba shi ne a ba yaro ɗan kuɗin mota da alkawarin cewa gaba ta fi baya yawa. Daga yau kada ka yarda a ɗauke ka sai da takardar yarjejeniya wadda ta faɗi adadin kuɗi, da ranar biya, da kwanakin aiki, da wuraren da za a nuna hoton, domin tallar da aka ce ta talabijin ce kawai tana iya komawa allon bakin titi da Facebook ta yi shekaru. Idan shekarunka ba su kai ka sa hannu da kanka ba, mahaifi ko waliyyi ya sa, amma a karanta maka. Ka je hukumar BNDA mai kula da haƙƙin mallaka ka tambayi abin da doka ta tanadar wa ɗan wasa, ka kuma gabatar da kanka a cibiyar fina-finai ta ƙasa, CNCN.

Ga ƴa mace nauyin ya ninka, domin jama'a ba sa raba ta da matsayin da ta hau. Zalika Souley, wadda ta fara fitowa a 1966 a fim ɗin Moustapha Alassane, daraktan da ya zauna a Tawa shekaru masu yawa, ta sha zagi saboda irin matan da ta kwaikwaya, kuma sunan da ta yi bai hana ta shiga ƙunci daga baya ba, kamar yadda Rahmatou Keïta ta nuna a fim ɗin da ta yi kan rayuwarta. Don haka ki karanta labari har ƙarshe kafin ki amsa, ki je wurin tantancewa tare da wani daga gida, kuma ki ƙi duk ganawar da aka ce sai a ɗakin otal ko bayan isha'i.

Bayan haka sai ka sabunta yadda ake ganinka. Ka tattara tsofaffin ayyukanka ka adana, amma abin da za ka aika wa darakta shi ne bidiyo na minti biyu ko uku da aka ɗauka bana, da haske mai kyau da sauti mai fita, wanda ya nuna ka cikin hali biyu mabambanta, misali fushi da rarrashi. Waya mai kyau ta isa wannan aiki.

Da yawa suna hangen Kano, kuma suna da hujja, tunda a can ne kasuwar fim ɗin Hausa take. Kada ka hau mota sai kana da sunan kamfanin da ya kira ka, da wurin kwana a hannun ɗan'uwa ko wani amintacce, da katin ɗan ƙasa, da kuɗin komowa da ka ware daban. Hukumar tace fina-finai ta jihar Kano tana bukatar ƴan wasa su yi rajista, don haka ka tambayi kamfanin tun kana gida yadda za a yi taka, da kuma wanda zai biya kuɗinta.