Yadda Za Ku Haɗa Amalanke Mai Rumfa da Tarkacen Gida

Iyaye sun yi ta tambayar yadda yara za su haɗa ɗan amalanken shanu mai rumfa, irin wanda aka bi Hanyar Oregon da shi zuwa yammacin Amurka a shekarun 1840. Ga shi.

Kayan aiki: kwalin takalmi, murafen robar ruwa huɗu na yin taya (biyu su fi sauran faɗi), tsinken tsire biyu, waya, tsohon farin ƙyalle, gam da ƙusa.

1. Ku cire murfin kwalin.
2. Ku huda rami bibbiyu a kowane gefe, kusa da ƙasa.
3. Ku zura tsinken ta ramukan.
4. Ku huda tsakiyar murafen da ƙusa. Hattara, babba ne zai yi wannan, ba yaro ba. In ramin ya kauce tsakiya, tayar za ta riƙa ɗingishi.
5. Ku soka murafen a bakin tsinken. Masu faɗi su koma baya, haka na ainihin yake.
6. Ku lanƙwasa waya uku kamar baka.
7. Ku kafa su a gefen kwalin.
8. Ku lulluɓe da ƙyallen.
9. Ku manna bakinsa da gam. Kada gam ya taɓa tsinken, in ba haka ba taya ba za ta juya ba.