Shan ƙwayar kwantar da hankali kafin hawa kujerar likitan haƙori

Aikina tsayuwa a gefen kujerar likitan haƙori, ina miƙa masa kayan aiki ina zuƙe ruwa da miyau daga bakin majiyyaci. Mai tsoro ba ya ɓuya a wannan kujera: zai damƙe hannunta, gumi na keto masa ko da fanka na juyawa. Irinsu ne ke zaune a gida da kanumfari a kogon haƙori har kunci ya kumbura, sai ciwo ya hana barci sannan a kawo su. Ga irin waɗannan akwai ƙwayar da likita ke iya rubutawa, kuma tana aiki, in an bi ta yadda ya kamata.

Magungunan dangi ɗaya ne da ake kira benzodiazepine. A cikinsu akwai diazepam, wanda aka fi sani da Valium, da lorazepam da midazolam. A Amurka likitocin haƙori sun fi son triazolam saboda ba ya daɗewa a jiki, mu a nan diazepam ya fi samuwa. Suna ƙara wa wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna GABA ƙarfi, shi kuma ya sassauta gudun saƙonni a jijiyoyi. Jiki ya saki, faɗuwar gaba ta lafa, gyangyaɗi ya ɗan zo. Ba sumar da kai za a yi ba. Za ka ji likita in ya ce buɗe baki, za ka amsa. Kuma ƙwayar ba ta kashe zafi ko kaɗan, allurar dasashi tana nan daram, sai dai ba za ta dame ka kamar da ba. Wasu ma washegari ba sa tuna rabin abin da aka yi musu.

Ka fara da faɗa wa likita tun zuwan farko cewa tsoro kake ji, kada ka bari sai ranar cirewa. A zuwan farkon ne zai auna jininka, ya yi maka tambayoyi, ka sa hannu a takardar amincewa tun kanka na sarai, domin sa hannun wanda ya riga ya sha magani ba abin dogaro ba ne.

Wajen tambayoyin nan ne nake roƙon mutane su ajiye kunya. In kana shan tiramadol, ka faɗa. In kana shan maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta hana tun 2018 amma bai ɓace daga gari ba, ka faɗa. Haka giya, haka kowace ƙwayar barci. Likita ba ɗan sanda ba ne, ba kuma zai kai maganar gida ba. Dalilin tambayar shi ne waɗannan duka suna rage numfashi, diazepam ma yana ragewa, in suka haɗu a jiki ɗaya numfashi na iya yin ƙasa har ya tsaya. Mai yawan minshari da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci shi ma ya faɗa, in bai sani ba ya tambayi matarsa, ita ta sani. Mai juna biyu da mai shayarwa, mai ciwon hanta ko matsalar huhu, mai hawan jinin ido, duk su yi bayani. Ka zo da kwalayen magungunan da kake sha a leda, har da na gargajiya. Rifampicin na tarin fuka yana raunana ƙwayar har ta zama kamar ba a sha ba. Erythromycin da wasu magungunan cuta mai karya garkuwar jiki kuwa suna ƙara wa midazolam ƙarfi da daɗewa.

Adadin da za a sha likita ne ke yankewa. Ga babba mai lafiya, diazepam yakan kama daga miligiram 5 zuwa 10, a sha kamar awa ɗaya kafin aiki. Tsoho rabin haka ake ba shi ko ƙasa, don jiri na iya kayar da shi. Na faɗi wannan ne don ka gane abin da aka rubuta maka, ba don ka wuce kyamis ka saya ba. Matsalar ƙwaya ita ce da zarar ta wuce maƙogwaro ba a rage ta, kuma mutum biyu masu nauyi ɗaya sai ɗaya ya yi ta hamma ɗaya idonsa biyu. In ka sha ka ji kamar ba ta kama ka ba, kada ka ƙara. Ta farkon na iya kasancewa tana kan hanya. Ka gaya wa likita, ya ga ko a ci gaba ko a ɗage. Ni dai na fi son mutum ya zo da wuri ya sha a ɗakin jira a gabanmu. Yaro kuwa ba a ba shi a gida sam. Nasa a asibiti ake aunawa da nauyin jikinsa, a ba shi ido na kansa.

Batun abinci ka tambaya, don kowane likita da tsarinsa. Da yawa sukan yarda da abu mara nauyi, kamar koko, sa'o'i kaɗan kafin zuwa. Mai ciwon suga kada ya yanke wa kansa zama da yunwa. Mai hawan jini ya sha maganinsa na safe kamar kullum, sai in an ce ya bari. Goro da kofi a haƙura da su ranar, domin wartsakewar da suke sawa tana karo da aikin ƙwayar. Ka nemi a sa ka da safe, kuma in aikin ba na gaggawa ba ne kada ka sa shi cikin azumi.

Dole ka zo da ɗan rakiya, babba mai hankali, ba ƙaramin ƙanenka ba. Ba ka tuƙa mota, ba ka hawa babur ko da goya ka za a yi, don mai magagi ba ya riƙe kansa a baya. A ɗauki adaidaita sahu ko mota, ɗan rakiya na gefenka. Shi ne kuma zai saurari bayanin da za mu yi bayan an gama, na cije auduga da lokacin shan magani, tunda kai ba lallai ka riƙe ba.

Kafin a fara, ku shirya alama da likita, misali ɗaga hannun hagu na nufin a dakata. Za a maƙala maka ɗan abin auna iskar jini a yatsa, saboda haka mata a goge jan farce a yatsa ɗaya. Ba laifi ka tambaya ko suna da tukunyar oksijin da flumazenil, allurar da ke warware irin wannan ƙwaya. Wurin da tambayar ta ba su haushi, ni ba zan sha komai a can ba.

Bayan an gama ka tashi a hankali, ka zauna tukun kafin ka miƙe. Awa 24 ba tuƙi, ba aiki da inji, ba tsayuwa kan wuta, ba goyon jariri. Ka bar cinikin kuɗi da tura kuɗi ta waya sai gobe, don za ka ji kamar kanka ya dawo alhali bai gama dawowa ba. Diazepam musamman yana jan kwanaki kafin ya fita daga jiki, kasalar washegari ba abin mamaki ba ce. Maganin zafi ka tsaya kan wanda aka rubuta, yawanci farasitamol ko ibuprofen, kada wani ya miƙo maka tiramadol don tausayi.

Ɗan rakiya ya kwantar da majiyyaci a gefe, ba rigingine ba, ya riƙa leƙa shi. In ya kira shi ya girgiza shi bai farka ba, ko numfashi ya yi nisa tsakani, ko leɓe ya sauya launi, kada a tsaya yayyafa ruwa ko ɗura masa madara. A kai shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, a riƙe kwalin maganin a hannu, a faɗa musu ƙarfe nawa ya sha.