Yadda ake shigo da sabon tsarin kiyaye lafiya a gidan kula da tsofaffi

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da suka zo Ingila aikin kula da tsofaffi tun 2022, lokacin da aka buɗe ƙofar biza ga masu wannan aiki, yanzu an ba su shugabancin ma'aikata. Kuskurensu iri ɗaya ne. Mutum ya dawo daga horo da zafinsa, ya buga sabon fom na hana faɗuwa ko gyambon kwanciya, ya manna a bango, kafin wata ya ƙare babu mai waiwayarsa.

Kafin ka taɓa komai, auna mutanenka. Wani masani a Amurka, Bryan Weiner, ya bayyana a 2009 cewa shirin ma'aikata na karɓar sauyi ya rataya kan abu biyu: su so shi gaba ɗayansu, su kuma yarda cewa za su iya. Na biyun ake mantawa. Ma'aikaci na iya son juya mara lafiya kan lokaci, amma idan shi kaɗai ne a bene guda da dare, so ba zai ƙara masa hannu ba. Hukumar AHRQ, mai bincike kan ingancin kula da lafiya a Amurka, ta fitar da takardar tambayoyi tun 2008 musamman don irin waɗannan gidaje, kyauta ce a intanet, kada ka biya kowa ya rubuta maka wata. Tana tambaya kan miƙa aiki, yawan ma'aikata, da ko ana hukunta wanda ya yi kuskure. Kada a sa suna, kuma akwatin tattarawa ya zauna a ɗakin hutu, ba ofishin manaja ba.

Daga nan sai masu aikin dare, kuma a nan ni kaina na yi kuskure. Na kawo jadawalin juya waɗanda ba sa iya motsi da kansu, na kira taro da ƙarfe 2 na rana, lokacin da 'yan dare ke barci a gidajensu. Ma'aikatan haya da kamfani ke turo mana ma ba su ji labari ba. Bayan makonni na lura ana cike jadawalin dare duka a zama ɗaya, da asuba, da biro ɗaya. Na yi wa baiwar Allah da ke cike shi faɗa a gaban jama'a. Daga ranar rahoton kuskure ya ɗauke ɗif, ni kuwa ina murna. Ashe sun ga diddigen wata tsohuwa ya yi ja, suka yi shiru don tsoro, har fata ta buɗe. Har yau abin yana damuna.

Don haka ka je da kanka da ƙarfe 3 na dare, ka yi aikin tare da su, ka ga inda lokaci ke tafiya. Wanda ya fara kawo maka rahoton kuskurensa, gode masa a fili, sannan ku keɓe ka tambaye shi abin da ya hana aikin tafiya. Kada kalmar "wa ya yi" ta fara fita daga bakinka. Idan rahotanni suka ƙaru a watannin farko, alamar lafiya ce, mutane sun daina ɓoyewa. Ka tuna tun Afrilun 2015 doka ta wajabta wa gidajen da ke ƙarƙashin CQC, hukumar da ke sa ido kan gidajen kula da mutane a Ingila, su gaya wa mara lafiya ko iyalinsa gaskiya idan an cutar da shi, su kuma ba da haƙuri. Abin da aka ɓoye maka, ta yaya za ka faɗa?

Mu da muka taso da kunyar na gaba, yi wa babbar nas gyara yana mana nauyi. Koya wa kowa tsarin SBAR, wato matakai huɗu na ba da rahoto kan mara lafiya: me ke faruwa, tarihin mutum, abin da ka gani, abin da kake so a yi. Yana sauƙaƙa wa ƙarami buɗe baki.

Sauran mai sauƙi ne. Sauyi ɗaya tak, a sashe ɗaya, na mako biyu. Rataya kalanda a bango, kore ranar da ba wanda ya faɗi, ja ranar da aka faɗi. Gyara fom ɗin yadda 'yan dare suka ce, ka ba kowane ma'aikacin haya minti biyar na bayani kafin ya kama aiki, sannan ka wuce sashe na gaba.