Yadda Ake Shirya Kaya Marasa Nauyi Don Tafiyar Kwana a Waje da Babur

Ƙaramin babur irin Bajaj Boxer yana ɗaukar buhun masara ya kai kasuwa, wannan kowa ya sani. Amma tafiyar kwana uku da tanti, a hanyar da ke da hawa da gangara, lissafinta daban ne. A ɗauki hanyar tsaunin Mambila a jihar Taraba: daga Jalingo a bi ta Bali da Serti, a fara hawa daga Mayo Selbe, a wuce Nguroje a isa Gembu. Saman tsaunin ya kai kusan mita 1,600, kuma injin da ke aiki da kafireto yakan rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane hawan mita 1,000, saboda iskar da yake zuƙa ta yi ƙaranci. Ke nan a daidai wurin da ka fi bukatar ƙarfin injin, a nan yake raguwa. Duk kilo ɗaya da ka ɗora sai ka ji shi a can.

Matakin farko, ka yanke iyakar nauyi kafin ka taɓa jaka. Duba littafin babur ɗinka ka ga nauyin da kamfani ya yarda a ɗora, ka cire nauyin jikinka da na hular kwano da takalmi. Ko da saura ya yi yawa, kada kayan mutum ɗaya su wuce kilo 20, har da ruwa da kayan gyara. Ka nemi sikeli ka auna da gaske, domin hannu yana ruɗin mutum. Rabon da ke aiki shi ne: wurin kwana da shimfiɗa kilo 5, tufafi 2 da rabi, abinci da kayan girki 3, ruwa 3, kayan gyara 3 da rabi, jakunkuna da tarkace 3.

Sai ka baje komai a tabarma, ka ɗauki kowane abu ka tambayi kanka: zan yi amfani da shi kullum? Idan na rasa shi, zan same shi a hanya? Sabulu, suga, burodi da batirin tocila duk ana sayarwa a Bali da Serti, ba sai an ɗauko na kwana uku daga gida ba. Abin da ke aiki biyu ya fi cancantar wuri. Rawani ko babban mayafi yana tare ƙura, ya zama tawul, ya zama matashin kai idan an naɗe. Tukunya ɗaya mai cin lita ɗaya ita ce ta dafuwa, ita ce kwanon ci. Ƙaramar dardumar sallah marar kauri da buta ta roba ba su da nauyin da za a yi tunanin barinsu.

Wurin kwana ne ke cinye mafi yawan wuri. Tanti na mutum ɗaya ko biyu yakan kai kilo 2 zuwa 2 da rabi. A rani, tamfol mai faɗin mita 3 da gidan sauro da igiya sun isa: a ɗaure gefe ɗaya a jikin bishiya, a kafe ɗayan a ƙasa. Da damina kuwa, musamman a Mambila inda ruwa da hazo suke da yawa, tanti mai rufi biyu ya zama dole. A nan ne masu son rage kaya suka fi yin kuskure, sai su bar abin da za su shimfiɗa a ƙasa su ɗauki bargo mai kauri. Ƙasa ce ke janye ɗumin jiki da dare, kuma bargon da aka danne da nauyin jiki ba ya tare sanyi. Siririn soso na shimfiɗa bai kai rabin kilo ba, amma shi ne ke sa a yi barci. Zafin gari yana raguwa da kusan digiri 6 a kowane mita 1,000, don haka wanda ya taso cikin gumi daga Jalingo zai iya kwana yana rawar ɗari a Nguroje.

Tufafi kuwa, saiti biyu: na jiki da na canji. A ƙara rigar sanyi ɗaya, rigar ruwa, da safa ƙafa uku. A naɗe su kamar tabarma maimakon ninkewa, a sa a leda mai kauri a matse iskar a ɗaure. Na canjin nan kada ya jiƙe ko ta halin ƙaƙa, shi za ka kwana da shi.

Abinci a zaɓi busasshe: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, ganyen shayi, taliya mai saurin dahuwa. Abincin gwangwani yawancin nauyinsa ruwa ne da ƙarfe. Shi ruwan sha kowace lita kilo ɗaya ce, ba dabarar da za ta rage wannan. Ka riƙe lita 3 a gora biyu, ka cika a kowane gari, ruwan rafi kuma a tafasa shi kafin a sha.

Kayan gyara ba wurin tsumulmula ba ne, amma ba sai an kwaso akwatin bakanike ba. Hanya mafi kyau ita ce ka zauna a gida ka cire tayar baya, ka ja sarƙa, ka canza filogi, duk abin da hannunka ya taɓa a wannan aikin ka ware shi, sauran ka bari. A yawancin ƙananan babura zai zama sifana 10, 12, 14 da 17, da wadda ta dace da ƙusar taya, filaya, sukudireba, ƙarfen ɓanɓare taya guda biyu, faci da gam, ƙaramin famfo, tiyub ɗaya, filogi ɗaya, wayar kuloci, mahaɗin sarƙa, da ɗan man inji. Takardun babur, lasisi da magunguna su zauna a leda cikin ƙaramar jaka a jikinka.

Ɗaurin kayan ya kai zaɓensu muhimmanci. Masu nauyi, wato ƙarafa da ruwa, su sauka ƙasa a jakunkunan gefe, kusa da tsakiyar babur, kuma dama da hagu kada bambancinsu ya wuce kilo ɗaya. Tanti da shimfiɗa su kwanta a kujerar baya, dab da bayanka. Kariya, wato ƙarfen ɗora kaya da ke can bayan kujera, ta ɗauki mafi sauƙi kawai. Dalili shi ne duk nauyin da ya wuce ƙusar tayar baya yana ɗage tayar gaba, sai kan babur ya riƙa rawa a gudu, a hawa mai tsini kuma gaban na iya tashi gaba ɗaya. Kayan da aka tula sama suna rinjayar babur a kwana. Kada ka goya babbar jaka a baya, tana gajiyar da kafaɗa kuma tana ƙara rauni idan an faɗi.

Jakar gefen salansa ta bar tazarar aƙalla yatsu huɗu, in ba haka ba zafi zai narkar da ita. Robar tiyub tana riƙe kaya da kyau, amma rana na cinye ta, don haka a haɗa da igiya mai ƙarfi. Duk bakin igiyar da ya rage a cusa shi a ɗaure; wanda ya faɗa cikin sarƙa ko wayoyin taya zai iya kulle tayar nan take. A tabbata kaya ba su rufe fitilar baya ba.

Bayan ɗauri, ƙara wa tayar baya iska zuwa awon da littafi ya ba wa mai goyo, ka ɗaga shokazoba na baya mataki ɗaya ko biyu, sannan ka duba sakin sarƙa kana zaune a kan babur da kayan, domin nauyi yana ƙara tsuke ta. Kwana ɗaya kafin tafiya ka zagaya kilomita 10 da kayan, ka taka birki da ƙarfi, ka bi gargada, ka dawo ka sake matse igiyoyi. A gangaren saukowa Mayo Selbe ka sa giya ta biyu injin ya riƙe ka, domin birkin da aka danne tsawon lokaci da kaya yana zafi ya daina kamawa.

Kafin ka kafa tanti a ko'ina, ka isa da sauran rana, ka gai da mai unguwa ka nemi izini, shi zai nuna maka inda ya dace. Ka kuma bincika halin tsaron hanyar da dokar hawa babur a jihohin da za ka ratsa tun kafin ka bar gida, saboda wasu wuraren sun taƙaita zirga-zirgar babura da dare.