Gwajin korona na gaggawa ga 'yan makaranta

Zafin Marwa da Garwa, a arewacin Kamaru, a Afrilu yakan haura digiri 40, kayan gwajin kuwa ba sa jure fiye da 30. Kayan gwajin da suka yini cikin mota, a jefar da su.

Yaro ya fyace majina tukuna. A sa tsinken audugar kamar santimita 2 cikin kowace ƙofar hanci, a juya sau biyar, a dama cikin ruwan 'yar kwalbar, a ɗiga ruwan a kan allon gwajin yadda takardar bayaninsa ta ce. A duba bayan minti 15. Ya wuce minti 30, kada a yarda da sakamakon.

Allon gwajin yana da alamar C da T, inda layi ke fitowa. Layin C kaɗai, ba a ga cutar ba. In layin T ma ya fito, ko dishi-dishi ne, an ga cutar: yaro ya zauna gida, a sanar da malaminsa. Babu C, a sake da sabo. Zazzaɓi ya ƙi sauka, a kai shi asibiti a duba maleriya.