Darasi na Bakwai: Iskar Balan-balan da Ciwon Jijiya

Akwai wata iska da wasu matasa suke ɗurawa cikin balan-balan su shaƙa a wajen biki ko zaman hira. Likitoci suna kiranta naitiros oksaid, masu jin Faransanci kuma su ce "gaz hilarant" ko "proto". Tun shekarar 1844 masu cire haƙori suke amfani da ita don rage zafi. A asibiti ana haɗa ta da iskar oksijin, kuma ma'aikaci yana tsaye a kan mara lafiya. Yaron da ya shaƙa daga balan-balan ba ya samun ko ɗaya daga cikin biyun.

Mayen ba ya wuce minti ɗaya ko biyu. Shi ya sa yara suke cewa, "Ai ba ƙwaya ba ce, iska ce kawai." Wannan maganar ce ta fi damun mu, domin ɓarnar tana nan bayan dariyar ta wuce.

A jikinmu akwai sinadarin bitamin B12. Muna samun sa daga hanta, nama, kifi, ƙwai da nono. Da shi jiki yake gyara rigar da ta lulluɓe jijiyoyi da lakar gadon baya, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Wannan iska tana kashe ƙarfin B12. In ana ta shaƙa, rigar sai ta lalace, saƙo ya daina tafiya daidai tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙafa. Yaron gidan da nama sai ranar salla ya fi saurin kamuwa, don dama abin da ke jikinsa kaɗan ne.

Iyaye, ku lura da tafiyar ɗanku. Ciwon yakan fara da tsikari ko mutuwar tafin ƙafa da yatsun hannu. Silifas ya fice masa bai sani ba. Ya kasa ɓalla maɓallin riga. Da rana yana tafiya a daddafe, da dare kuwa in an ɗauke wuta sai tangaɗi, domin ido ne yake riƙe shi, ƙafar ba ta jin ƙasa. Wani in ya sunkuyar da kai sai ya ji wani abu ya tsarga masa daga wuya zuwa baya. In abin ya yi nisa, fitsari ma yakan gagara riƙewa. Ana iya gwadawa a gida: ya tsaya ya haɗa ƙafafu, ya rufe ido, wani yana kusa don tare shi; in ya yi tangaɗi, alama ce.

Da yawa za su ce sammu ne ko jifa, a yi ta yawo watanni. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, jinkiri kuwa yana iya barin saurayi da sanda har abada. A je babban asibiti mafi kusa, ko Garwa ne, ko Marwa, ko Njamena. A gaya wa likita gaskiya, a faɗi sunan abin da aka shaƙa, kada kunya ta hana. Gwajin jini yana iya nuna B12 lafiya lau alhali ba ya aiki. Magani shi ne allurar B12 a jere, da motsa gaɓoɓi, amma ba ya ci sai an daina shaƙa gaba ɗaya. Sauƙi yakan ɗauki watanni.

Ingila ta haramta mallakar wannan iska don maye a Nuwamba 2023, hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Najeriya ma ta ba da umarnin farautar masu sayar da ita a waccan shekarar. Kayan da ya shiga kasuwar maƙwabta ba ya wuyar ƙetaro iyaka.

Aikin yi: Rubuta alamu uku na wannan ciwo a littafinka. Sannan ku tattauna a aji: da wace magana uwa za ta fara in ta tsinci balan-balan da ƙaramar tukunyar gas a ɗakin ɗanta?